Tarihin Ƙarin Lokaci a Wasan Ƙwallon Ƙafa

Wasan ƙwallon ƙafa minti 90 ne. In lokaci ya cika ba wanda ya ci wani, sai a ce an yi kunnen doki. Amma a gasar cin kofi tilas ne ɗaya ya wuce, ɗaya ya fita. Yadda za a raba wannan gardama shi ne abin da shugabannin wasa suka daɗe suna jayayya a kai.

Da fari Turawan Ingila sukan sa a sake wasan wata rana, wani lokaci bayan an ƙara minti 30. Dabarar tana da adalci, sai dai ba ta da iyaka. A cikin 1971 wasu ƙananan ƙungiyoyi biyu, Alvechurch da Oxford City, sai da suka kara sau 6 kafin ɗaya ta yi rinjaye. A babbar gasa kuwa, inda baƙi suka taho daga nesa, ba ranakun yin haka. Saboda haka aka koma ga ƙuri'a.

A watan Yuni na 1968 Italiya da Tarayyar Sobiyet suka buga minti 120 a birnin Naples ba ci. Alƙalin wasa ya kira shugabannin 'yan wasa cikin ɗaki, ya jefa kwabo sama, Italiya ta dace, har daga baya ta ɗauki kofin Turai. Mai karatu ya duba: mutum 22 sun zuba gumi awa biyu, sa'an nan kwabo ya yanke hukunci! A shekarar nan kuma aka fitar da Isra'ila da ƙuri'a a wasannin Olamfik na Meksiko, bayan ta yi ɗaya da ɗaya da Bulgeriya. Haushin wannan ya sa wani Ba'isra'ile, Yosef Dagan, ya ba da shawarar bugun daga kai sai mai tsaron gida, kowane ɓangare biyar biyar. Majalisar da ke tsara dokokin wasa ta karɓa cikin 1970.

To, ba a daɗe ba aka shiga kushe wannan ma. Waɗansu suka ce ƙuri'a ce ta sake riga, kuma tana ɗora nauyin ƙasa guda a kan mutum ɗaya. A Dakar cikin 1992 Ghana da Kwaddibuwa sai da suka yi bugu 24, Kwaddibuwa ta ci kofin Afirka 11 da 10. Cikin 1994 Roberto Baggio na Italiya, wanda cinsa ne ya kai ƙasarsa wasan ƙarshe, ya ɗaga tasa sama da raga, Barazil ta tafi da kofin duniya. Amma wanda ya ce wannan daidai yake da kwabo bai yi gaskiya ba, gama bugun yana bukatar gwaninta da ƙarfin zuciya.

Hukumar FIFA ta nemi magani tun 1993, ta kawo abin da aka kira ƙwallon zinariya, watau wanda ya fara ci a ƙarin lokaci wasa ya ƙare nan take. Nufinta 'yan wasa su kai hari. Da ita Jamus ta ci kofin Turai cikin 1996, Faransa kuma cikin 2000. Senegal ta ɗanɗana zaƙinta da ɗacinta cikin mako guda a 2002: Henri Camara ya fitar da Suwidin da ita, bayan kwana 6 Ilhan Mansiz na Turkiyya ya fitar da Senegal. Sai dai abin da aka nufa bai samu ba. Da yake kuskure ɗaya ba ya gyaruwa, tsoro ya kama kowa, aka koma tsare gida ana jiran bugun ƙarshe. Aka gwada ƙwallon azurfa, inda ake bari a ƙare rabin ƙarin lokacin, ita ma ba ta gamsar ba. Cikin 2004 aka soke duka biyu, aka komo ga minti 30 cikakku.

Gardamar yanzu ita ce ko a bar ƙarin lokacin ɗungum. Masu son haka sun ce wasanni sun yi yawa, gajiyayyu ba sa yin wasan kirki, rauni kawai suke ji. Tun 2018 Ingila ta bi wannan ra'ayi a zagayen farko na ɗaya daga cikin kofunanta. Masu ƙi kuwa sun ce in an soke shi raunanan ƙungiyoyi za su toshe gida tun minti na farko, don sun san bugun ƙarshe na kusa. Sukan kuma kafa hujja da wasan ƙarshe na kofin duniya a Katar cikin 2022, inda Ajantina da Faransa suka shiga ƙarin lokaci biyu da biyu, Messi ya ci, Mbappe ya farke, kafin Ajantina ta rinjaya da bugu 4 da 2.