Abin Da Rami Ke Ɗauke Da Shi: Nazari Kan Kare Wuraren Tarihin Nok a Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen kayan tarihin Nok, hankali yakan tafi kan mutum-mutumin yumɓu da aka sace aka kai Turai, da fafutukar dawo da su. Fafutukar tana kan hanya, amma rabin magana ce. Wannan nazari yana nuna cewa babbar asarar tana faruwa ne tun a gona, a ranar da aka tona ramin da kayan suke kwance, domin ilimin da ke cikin ƙasar ba ya dawowa ko da kayan sun dawo.

Yadda aka gano su

Nok ƙauye ne na al'ummar Ham a ƙaramar hukumar Jaba, kusa da Kwoi. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a can, ba tare da an fahimci darajarsa ba. A 1943 aka sake samun wani kan a yankin Jama'a, kusa da Kafanchan, har wani ma'aikacin kuza ya kafa shi a gonar doyarsa don korar ɓarna. Da kan ya isa hannun Bernard Fagg, jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tonon kayan tarihi, sai ya lura da kamanninsa da na farkon: idanu masu kusurwa uku, da huda a ƙwayar ido, da gyaran gashi mai tsari. Shi ya raɗa wa al'adar sunan Nok, kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Sai dai kayan farko duk daga ramukan kuza suka fito, inda ruwa ya riga ya kwaso su daga mazauninsu ya cakuɗa da yashi. Saboda haka an san kyawunsu, ba a san rayuwar masu su ba. Sai da aka tona Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960, aka sami murhunan narka tama tare da gutsattsarin mutum-mutumin, sannan aka tabbatar cewa mutanen Nok suna cikin waɗanda suka fara sarrafa ƙarfe a Afirka ta Yamma.

Abin da ƙasa ta faɗa

Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, suka shiga bincike tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka kafa sansani a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko. Muhimman sakamakonsu sun fito ne daga abubuwan da ɓarawo ba ya ko kallo. Gawayi da ƙonannun ƙwayoyin hatsi su suka nuna cewa al'adar ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ƙera mutum-mutumin ya bunƙasa daga wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Ƙwayoyin sun nuna mutanen suna noman gero da wake, suna cin atile. Wani bincike da aka fitar a 2021 tare da Jami'ar Bristol ta Ingila ya gano ɓurɓushin kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, shaidar cewa an ci zuma a wannan yanki kimanin shekara 3,500 da suka wuce.

Haka kuma yadda kayan suke kwance yana magana. Kusan duk mutum-mutumin da masana suka tarar a mazauninsu a farfashe suke, an binne su a ramuka, wasu kusa da jerin duwatsu da tukwane da duwatsun wuya waɗanda ake fassarawa da kaburbura. Ƙasar yankin tana cinye ƙashi, don haka tsarin duwatsun ne kaɗai shaidar da ta rage. Mai tonon dare yakan watsar da su cikin minti kaɗan. Kamar a yage shafi ɗaya mai hoto ne daga littafi, a ƙona sauran.

Kasuwar da ke tura mai tono

Daga shekarun 1990 tonon ya zama sana'a, bayan farashin kayan Nok ya tashi a kasuwannin Turai da Amurka. Masu binciken Frankfurt sun bayyana cewa mafi yawan wuraren da suka ziyarta an riga an tone su. Tsarin kasuwar a bayyane yake: ɗan ƙauye yana tono a biya shi abin cefane, dillali ya tara, mai fasa-ƙwauri ya tsallake iyaka, riba mai tsoka kuma ta tsaya a hannun mai shago a ƙetare. Tunda mai saye cikakken mutum-mutumi yake so, sai a liƙa gutsattsarin da ba na jiki ɗaya ba, a ƙara ruɗa tarihin.

Doka tana nan. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi, ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba da izini ba, kuma Nijeriya tana cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Nok a jerin waɗanda ke cikin haɗari. Duk da haka, a wannan shekarar aka baje wasu kayan Nok a gidan tarihi na Louvre a Faris, waɗanda Faransa ta saya daga wani dillali a Beljiyam. An daidaita a 2002: Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Nijeriya ta sami takardar mallaka, amma ba wanda zai iya nuna gonar da aka tono su.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. A Fabrairun 2017 aka yi garkuwa da Breunig da abokin aikinsa a Janjala, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka kai ɗauki. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma tonon bincike ya tsaya.

Wa zai tsare?

Wuraren Nok ƙananan mazaunai ne birjik, warwatse a kan tuddai da gonaki daga kudancin Kaduna zuwa Abuja, Nasarawa da Filato. Ba katangar da za ta kewaye su, ba kuma rundunar masu gadi da za ta wadatar. Wanda garmarsa ke fara cin karo da tukunya shi ne manomin citta ko na doya, kuma shawarar da ya yanke a ranar ita ce makomar wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka kariya ta gaskiya tana buƙatar abu uku. Na farko, a ba masarautun yankin, irin su fadar Kpop Ham a Kwoi, da dagatai da masu unguwanni, matsayi a hukumance wajen rajistar wurare da karɓar rahoto, a kuma saka wa wanda ya kai rahoto maimakon a tsorata shi. Na biyu, a raya gidan tarihin da ke ƙauyen Nok, a ajiye kayan asali kusa da inda suka fito, ɗaliban Kafanchan, Kagoro da Zonkwa su gan su da idonsu. Na uku, limamai da fastoci su taimaka a fahimtar da jama'a cewa adana waɗannan kaya shaidar tarihi ce, ba bauta ba, domin kallon su a matsayin gumaka kawai yana sauƙaƙa fasa su ko sayar da su.

Kammalawa

Alhakin wannan gado yana kan Ham, Bajju, Atyap, Fantswam, Adara, Hausawa, Fulani da duk mai noma ko kiwo a wannan ƙasa. Neman dawo da abin da ya fita wajibi ne, amma tsare abin da bai fita ba ya fi gaggawa. Gwamnatin Kaduna da Hukumar Gidajen Tarihi su fara da manomi, domin a hannunsa ragowar tarihin Nok yake.