Ranar da kyaftin ya gudu ya bar maniyyata

Yau tarihin fasinjan ruwa za mu taɓa.

A 1865 kwalara ta biyo alhazai cikin jirage daga Jidda. Wasu matuƙa suka riƙa zubar da gawawwaki a teku, da suka isa Suez suka ce lafiya lau. Cutar ta bazu Masar har Turai. Daga baya aka tsaurara killace alhazai. Kakanninmu sun sha wannan zaman a Sawakin.

A Yulin 1880, jirgi mai suna Jeddah ya ɗauko maniyyata 953 daga Singafo da Penang. Guguwa ta tumɓuke tukwanen injinsa, ruwa ya fara shiga. Kyaftin ya sulale a kwalekwale, ya je Aden ya ce jirgi ya nutse. Washegari sai ga jirgin an jawo shi, kusan kowa da ransa.

Nan gida Kebbi, ranar 26 ga Mayun 2021, jirgin da aka danƙara wa lodi ya tsage kusa da Warra, mutane da dama suka rasu.

A ruwa babu "direba sauke ni". Tun a gaɓa za ka tambaya: mu nawa ne, ina rigar kariya?