Gauleiter: Gwamnonin Jam'iyyar Hitila da Lambobinsu da Suka Shiga Kasuwa

Mu da muka taso muna jin labarin yaƙin Hitila a bakin tsofaffi, yawanci sunan mutum ɗaya kawai muka riƙe. Amma mutum ɗaya ba ya danne ƙasa guda shekara goma sha biyu sai da waɗanda suka riƙe masa ita lungu-lungu. A Jamus ta 1933 zuwa 1945, manyan masu wannan aiki su ne shugabannin jam'iyyar Nazi na shiyyoyi, waɗanda ake kira Gauleiter.

Tun a tsakiyar shekarun 1920 jam'iyyar ta raba ƙasar zuwa shiyyoyi, kowace ana ce mata Gau. Hitila da kansa yake naɗa shugaban shiyya, shi kaɗai ne kuma yake iya tuɓe shi. A ƙarƙashin shugaban akwai na gunduma, sai na gari, sai na ɓangaren unguwa, har zuwa Blockleiter, mai sa ido a kan gidaje 40 zuwa 60. Shi yake karɓar kuɗin gudummawa, ya lura da wanda bai kafa tuta ba, ya kai rahoton mai sukar gwamnati. Da aka haɗiye Austriya da wasu yankunan maƙwabta, shiyyoyin sun kai 42, ga kuma reshen 'yan jam'iyya mazauna ƙetare da aka lissafa a matsayin na 43.

Hitila ya zama shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933. A Afrilu aka ƙirƙiro muƙamin wakilin gwamnatin tsakiya a jihohi, aka ba Gauleiter da dama. A Yuli aka haramta sauran jam'iyyu, a Janairun 1934 aka rushe majalisun jihohi. Daga nan shugaban jam'iyya ya zama gwamna, ba majalisar da za ta tuhume shi, ba jaridar da za ta fallasa shi. A Nuwamban 1942 kowannensu ya zama kwamishinan tsaron shiyyarsa, a 1944 kuma aka ɗora musu tara Volkssturm, rundunar da ta kwashi maza daga shekara 16 zuwa 60 aka tura su gaban tankoki.

Abin da suka yi da wannan iko a rubuce yake. Julius Streicher na Nuremberg ya yi shekaru yana buga jaridar Der Stürmer mai cusa ƙiyayyar Yahudawa. Fritz Sauckel na Thuringia shi aka ba aikin samo ma'aikata a 1942, ya sa aka kwaso miliyoyin mutane daga ƙasashen da aka mamaye don aikin dole. A shiyyar Arthur Greiser, cikin ƙasar Poland, aka buɗe sansanin Chelmno inda aka riƙa kashe mutane da hayaƙi a cikin motoci. Da yaƙi ya juya, Erich Koch ya hana jama'ar Gabashin Prussia gudu da wuri, shi kuwa ya tsere ta jirgin ruwa. Karl Hanke ya tilasta wa Breslau ci gaba da yaƙi har birnin ya ruguje, sannan ya bar shi a jirgin sama. An rataye Streicher da Sauckel a Nuremberg a 1946, Greiser kuma a Poznan a shekarar. Kotun Nuremberg ta ayyana shugabancin jam'iyyar a matsayin ƙungiyar masu laifi.

Mulkin nan ya dogara ƙwarai da ado. Jami'an jam'iyya suna sa kaki ruwan ƙasa mai zaren zinariya, har talakawa suka yi musu laƙabi da sunan wani tsuntsu mai gashin zinariya, don ba'a. Gauleiter yana da jan ƙyalle a wuyan riga mai ganyen itace na zinariya. Shiyyoyi da dama sun buga lambar girma tasu don tsofaffin 'yan jam'iyya, akwai kuma lambar zinariya da aka tanada ga mambobi 100,000 na farko. Ana buga ƙananan bajo na tarurruka a sayar wa jama'a. Wani ofishi a Munich, RZM, shi yake ba masana'antu izini, tambarinsa yana bayan kaya da yawa.

Bayan 1945 sojojin da suka ci yaƙi sun tafi gida da irin waɗannan kaya a matsayin tsaraba, daga nan kasuwarsu ta buɗe. Yau ana gwanjonsu, ana tallarsu a intanet, jabu kuma ya yi yawa, har tambarin RZM ɗin ana kwaikwaya. Dokar Jamus ta hana nuna alamomin Nazi a bainar jama'a, hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara uku, sai dai don koyarwa ko bincike. Austriya da Faransa ma suna da nasu dokokin. A 2019 wani ɗan kasuwa ɗan asalin Lebanon, Abdallah Chatila, ya sayi hular Hitila da wasu kayan a gwanjon Munich, ya bayar da su kyauta aka kai gidan tarihin Yad Vashem, don kada su faɗa hannun masu ɗaukaka Nazi.

Matasanmu suna cin karo da hotunan waɗannan lambobi a waya, wani ma ya sa alamar a shafinsa don ta burge shi. Mu sanar da su cewa aƙidar da lambar take wakilta ta ɗauki baƙar fata a matsayin ƙasƙantaccen jinsi. A 1937 gwamnatin ta yi wa ɗaruruwan yara na yankin Rhineland, waɗanda ubanninsu sojojin Afirka ne, tiyatar hana haihuwa da ƙarfi. Dubban 'yan Najeriya kuma sun yi yaƙi a Habasha da Bama a ɓangaren da ya kayar da Jamus da ƙawayenta. Wurin irin wannan lamba gidan tarihi ne, tare da bayanin wanda ya sa ta da abin da ya aikata. Allah Ya kare mu daga mulkin zalunci, amin.