Daga Bell Labs zuwa Barnawa: Yadda Git Ya Zama Darasin Farko ga Mai Koyon Manhaja

Shekaru hamsin da suka wuce, saurayin da ya tsallaka gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, aikin masaƙa ya je nema. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya irin su Arewa Textiles da UNTL, sannan Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975. Makera da Kakuri da Nasarawa suka cika da ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Da shekarun 2000 suka kama, masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, aka bar dubban gidaje ba albashi.

Wasu daga cikin matasan da suka tashi a wannan hali sun kama wata sana'a da iyayensu ba su sani ba, wato rubuta manhaja. A 2016 Sanusi Ismaila ya buɗe cibiyar CoLab a Barnawa, wurin da mai laftof zai sami wuta da intanet da abokan koyo. Duk wanda ya shiga wannan sana'a kuwa, a Barnawa yake ko a Indiya, ba zai yi nisa ba za a tambaye shi: kana da GitHub? Yawancin masu koyo suna buɗe asusun, su haddace umarni uku ko huɗu, ba tare da sun san matsalar da aka ƙirƙiri abin don ita ba. Tarihin ya cancanci a sani, domin wanda ya san shi ba ya tsoron kayan aikin.

Matsalar tsohuwa ce, kuma duk ɗalibin da ya taɓa rubuta furojet ya ɗanɗana ta. Ka ajiye fayil, gobe ka gyara, jibi ka ga na jiya ya fi kyau, amma ya tafi. Sai ka koma tara kwafi a filash: na Litinin, na ƙarshe, na ƙarshe bayan gyaran malam. A rubutun manhaja abin ya fi muni, don harafi ɗaya na iya tsayar da aiki gaba ɗaya, kuma sau da yawa mutum biyar ne ke taɓa fayil ɗaya.

A 1972 wani injiniya mai suna Marc Rochkind, a ɗakin bincike na Bell Labs da ke Amurka, ya rubuta SCCS. Dabararsa ita ce a daina tara kwafi, a riƙa rubuta abin da ya canza kawai, da wanda ya canza shi, da ranar. Bayan shekara goma Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS. Dukansu biyun da kulle suke aiki: in ka ɗauki fayil za ka gyara, ka kulle shi ke nan, abokin aikinka sai ya jira ka saki. In ka tafi hutu ka manta, aiki ya tsaya. Dick Grune, malamin jami'a a Amsterdam, shi ya gaji da wannan jira lokacin da yake aiki da ɗalibansa biyu waɗanda lokutan zuwansu ba sa haɗuwa. Ya rubuta abin da ya zama CVS, ya sake shi a 1986: kowa ya yi gyaransa, daga baya a haɗa. Subversion, da aka fara a 2000, ya gyara kurakuran CVS da dama.

Amma duk waɗannan suna da uwar ɗaki guda, wato babbar kwamfuta ta tsakiya inda tarihin aikin yake zaune. Ba ka iya ajiye gyara cikin tarihi sai ka isa gare ta, kuma sai wanda aka ba izini.

Rigima ce ta kawo sauyin. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan, ya fara manhajar Linux a 1991, kuma fiye da shekara goma ta imel masu taimaka masa suke aiko gyare-gyarensu, shi yana tacewa. Da aikin ya fi ƙarfin imel, a 2002 ya koma amfani da BitKeeper, manhajar kamfanin Larry McVoy, wadda aka ba su kyauta bisa sharuɗɗa. Da yawa daga cikin mutanen Linux ba su ji daɗi ba, suna ganin bai dace aikin da kowa ke da 'yancin dubawa ya dogara da kayan da ba a ganin cikinsa ba. A 2005 Andrew Tridgell, wani ƙwararre ɗan Ostireliya, ya gano yadda ake magana da sabar BitKeeper ba tare da manhajar kamfanin ba. Kamfanin ya janye kyautarsa. Torvalds ya duba abin da ke kasuwa, bai ga wanda zai ɗauki nauyin Linux da saurin da yake so ba, sai ya zauna ya rubuta nasa, wato Git. A farkon Afrilun 2005 ya fara, cikin 'yan kwanaki Git ya soma riƙe tarihin kansa, kafin watan Yuni ya ƙare an fitar da sabon Linux da shi. A Yuli ya miƙa ragamar ga Junio Hamano, ɗan Japan, wanda ya ci gaba da riƙon ta shekara da shekaru.

Abin da Torvalds ya yi shi ne ya cire uwar ɗakin. Duk wanda ya kwafi ma'ajin aiki, ya kwashi tarihinsa kaf, tun daga ranar farko. Kowace ajiya, wadda masu sana'ar ke kira komit, tana ɗauke da sunan mai ita, da lokaci, da ɗan bayanin dalili, da wata lamba mai haruffa 40 da aka lissafo daga abin da ke cikinta har da lambar ajiyar da ta gabace ta. Wanda ya san salsalar malamai zai gane tsarin nan take: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har zuwa tushe. In aka taɓa ɗaya a tsakiya, lambobin duk na bayansa sai su canza, kowa ya gani.

Torvalds mutanen Linux yake tunani, waɗanda suka warwatsu a nahiyoyi. Sai ga shi abin da ya gina ya dace da halin mai koyo a Narayi ko Sabon Tasha fiye da duk na baya. Ga yarinya tana gina shafin sayar da atamfa, ƙarfe tara na dare aka ɗauke wuta, datar wayarta ta ƙare tun la'asar, batirin laftof ya rage kashi talatin. Ba abin da ya hana ta aiki. Ta gyara shafin farashi, ta rubuta git add, ta rubuta git commit da bayanin abin da ta gyara, ajiya ta shiga tarihi a cikin na'urarta. Tana son gwada sabon launi amma tana tsoron ɓata wanda ke aiki, sai ta buɗe reshe ta gwada a can. In bai yi ba ta share reshen, babban aikin na nan lafiya. Gobe in ta isa inda akwai intanet, git push ɗaya zai tura aikin daren duka, kuma abin da ya canza kawai yake turawa, don haka ba ya cin data. Da Subversion ne duniya ta tsaya a kai, da kowace ajiya sai ta jira sabis.

Git na farko yana da wuyar sha'ani, kuma bai tanadi dandalin da mutane za su haɗu ba. Tun 1999 akwai SourceForge, inda ake ajiye manhajojin kyauta, amma GitHub ne ya sauya al'adar. Tom Preston-Werner da Chris Wanstrath da PJ Hyett suka buɗe shi ga jama'a a Afrilun 2008 a San Francisco. Sun sauƙaƙa abu biyu: ka kwafi aikin wani zuwa naka asusun da dannawa ɗaya, sannan in ka gyara ka aika masa roƙon ya duba ya karɓa, ana tattaunawa layi-layi a bainar jama'a. A 2018 Microsoft ta saye kamfanin a kan dala biliyan 7.5, a farkon 2019 aka ba kowa damar buɗe ma'aji na sirri kyauta, a farkon 2023 kuma kamfanin ya ce masu amfani da shi sun kai miliyan 100.

A daidai waɗannan shekarun hanyar ta iso gida. Wayar salula ta zo a 2001, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, cibiyar CcHub ta buɗe a Yaba, Andela ta fara horar da matasa a 2014 tana haɗa su da kamfanonin waje. Rahotannin shekara na GitHub sun sha sanya Najeriya cikin ƙasashen da masu rubuta manhaja suka fi saurin ƙaruwa. Ni a ganina babban abin da wannan ya kawo wa ɗan Kaduna shi ne shaida. A ƙasar da ake yawan tambayar wa ka sani kafin a tambayi me ka iya, ga wurin da mai ɗaukar aiki a Legas ko Jamus zai buɗe ya ga abin da hannunka ya yi, wata bayan wata, har da yadda ka karɓi gyara da aka yi maka. Wannan ya sa nake jin takaici in na ga mai koyo ya cika asusunsa da ayyukan da ya kwafo daga bidiyon koyarwa. Ƙaramin aiki ɗaya na kanka, ko da lissafin adashen unguwa ne, mai tarihin wata uku, ya fi su magana.

Akwai wuraren da sababbi ke tuntuɓe. Ranar da mutum biyu suka gyara layi ɗaya, Git zai ƙi zaɓa musu, ya jera rubutun kowa tsakanin alamomin kibau ya tsaya. Da yawa a nan suke firgita su share komai su sake kwafowa, alhali buɗe fayil ɗin kawai za a yi, a zaɓi wanda za a bari, a goge alamomin, a ajiye. Na biyun ya fi haɗari: tura kalmar sirri ko mabuɗin biyan kuɗi cikin ma'ajin da kowa ke gani. Goge shi a ajiya ta gaba ba ya fitar da shi daga tarihi, kuma akwai masu na'urorin da ke kewaya GitHub dare da rana suna neman irin wannan. Mabuɗin da ya fita, sai dai a soke shi a karɓi sabo.

Sannan a riƙa bambanta Git da GitHub. Git manhaja ce ta kowa da kowa, tana cikin na'urarka, ba mai ƙwace ta. GitHub kamfani ne na Amurka, yana ƙarƙashin dokokinta, shi ya sa a 2019 ya taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumi, ba tare da su masu asusun sun yi laifin komai ba. Waɗanda ke da cikakken ma'aji a kwamfutarsu ba su rasa tarihin aikinsu ba. Ban da GitHub akwai Bitbucket, akwai GitLab da wani ɗan Yukren ya fara a 2011, wanda makaranta ko cibiya za ta iya girkawa a kan tata kwamfutar. Sashen koyar da kwamfuta na kowace babbar makaranta a Kaduna zai iya yin haka da na'ura ɗaya mai ɗan ƙarfi da batirin sola, ɗalibai su riƙa miƙa aikinsu ta nan tun daga shekarar farko maimakon filash da takarda.