Zamanin Maraɗawa

Muna yara a Dabawa, in muka daɗe wajen kiwo har magariba ta kawo jiki, kakata takan tare mu a bakin zaure tana faɗa: "Ku da ba ku san zamanin Maraɗawa ba! Da a da ne, da yanzu kuna ɗaure a igiya." Ita ma ba ta ga zamanin ba, a bakin kakarta ta ji. Amma har ta bar duniya ba ta yarda yaro ya kwana a gona ba.

Sai da na girma na gane cewa Maraɗawan nan da ake tsoratar da mu da su Katsinawa ne 'yan uwanmu. A 1807 Malam Ummarun Dallaje, mai tutar Shehu, ya ci birnin Katsina, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa. Sarkinsu Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, bai kuma daina kiran kansa Sarkin Katsina ba. Ƙasa ɗaya ta wayi gari da sarki biyu, kowa na cewa shi ke da ita. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya Gobirawa da Maraɗawa a Gawakuke, amma wutar ba ta mutu ba. Shi kansa Sarkin Katsina Siddiƙu, da aka tuɓe shi a 1844, wajen Maraɗawa ya koma.

A makaranta an koya mana yaƙin basasar Amurka, na 1861 zuwa 1865, wanda aka gwabza a kan bauta. Ba malamin da ya gaya mana cewa a waɗannan shekarun Ɗan Baskore na kan gadon Maraɗi, dawakinsa na ratso dajin da ke yamma da mu, ta wajen Ruma da Rugu, suna faɗa wa ƙauyuka da rani. Wannan ya daɗe yana damuna. Can an yi yaƙi bauta ta ƙare. Nan yaƙin ne ke ciyar da ita.

Shari'a ta hana bautar da Musulmi ɗa, kowa ya sani. Amma wa zai tsaya tambayar mace kalmar shahada ana tsakiyar hari? Mai dangi masu hali a fanshe shi. Marar gata a kai shi kasuwa, ko rinjin wani basarake, ya yi noman gandu tun hantsi har azahar, sannan ya juya gayaunarsa. Mai ƙoƙari ya nemi murgu, yana biyan ubangidansa kaɗan-kaɗan don ya yi aikin kansa. 'Ya'yan da ya haifa a gidan su ne cucanawa. Rundunar Katsina ma in ta fita, bayi take dawowa da su.

Turawa sun shiga Katsina a 1903. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga farkon Afrilun shekarar ɗa ne, amma iyayensu sai 1936 doka ta sake su baki ɗaya.

Takarda ta saki mutane, bakin mutane bai sake su ba. Ina saurayi wani ɗan uwana ya nemi wata yarinya daga wani ƙauye a ƙasar Kurfi, mai kunya, ta sauke Alƙur'ani. An kai gaisuwa, an karɓi goro. Sai wani dattijo ya kira baffana gefe, ya rage murya ya ce, "Alhaji, kun bincika asali kuwa?" Kakar kakarta, in ji shi, da igiya aka kawo ta. Cikin mako guda aka aika a karɓo kayan. Ni aka ba kwandon na ɗauko a ka, mahaifiyarta ta raka ni har ƙofar gida, ta ce in gaida mutanen gida.