Otal ɗin Raffles: Tarihin Masaukin Baƙi a Birnin Singafo

Birnin Singafo, wanda ke kan tsibiri a ƙarshen kudancin zirin ƙasar Malaya, ya samu bunƙasa ne saboda zamansa a bakin mashigin Malaka, wato siririyar hanyar ruwan da jiragen fatauci ke bi tsakanin Indiya da Sin. A shekarar 1819 Stamford Raffles, jami'in kamfanin Turawan Ingila mai ciniki da ƙasashen gabas, ya kafa tashar ciniki a wurin, kuma da aka buɗe mashigin Suwes a 1869 tafiya daga Turai ta ragu matuƙa, jiragen ruwa masu aiki da tururi suka riƙa sauke attajirai da ma'aikatan mulki da masu yawon buɗe ido. Waɗannan baƙi suna buƙatar wurin kwana da abinci irin wanda suka saba da shi, kuma wannan buƙata ce ta haifar da manyan otal-otal na yankin, waɗanda mafi shahara a cikinsu shi ne Raffles.

Ko da yake otal ɗin ya ɗauki sunan Baturen da ya kafa tashar, har mutane da yawa suke kallonsa a matsayin tambarin mulkin Ingila, waɗanda suka assasa shi ba Turawan Ingila ba ne. 'Yan'uwa ne huɗu da ake kira Sarkies, wato Martin da Tigran da Aviet da Arshak, Armeniyawa Kiristoci da danginsu suka fito daga Isfahan ta ƙasar Farisa, kuma sun riga sun gwada sana'ar a tsibirin Penang kafin su juyo kudu. Gidan da suka fara da shi kuwa haya suka karɓa daga hannun Sayyid Muhammad Alsagoff, attajiri Balarabe ɗan asalin Hadramaut ta Yaman, wanda zuri'arsa ta yi suna wajen fatauci da jigilar alhazai zuwa Jidda. A ranar 1 ga Disamba 1887 aka buɗe masaukin da ɗakuna 10 kacal a kan titin Beach Road, wanda a lokacin yake fuskantar teku kai tsaye. Matsayin 'yan Sarkies ya yi kama da na fatoma a zangon fatake, domin su ma baƙi ne da suka riga wasu isowa, suka san gari, suka mai da saukar baƙi sana'a.

Babban ginin da ake gani a yau an kammala shi a 1899 bisa zanen R. A. J. Bidwell na kamfanin Swan and Maclaren, kuma tsarinsa amsa ce ga zafi da gumin ƙasar da ke dab da tsakiyar duniya. An ɗaga rufin ɗakuna sama sosai domin iska mai zafi ta hau, an kewaye su da baranda masu faɗi da ke tare rana da ruwan sama, an bar filaye a tsakiya da aka shuka itatuwa, sannan aka sa fitilun lantarki da fankoki a zamanin da suke sabon abu a yankin. Hidimar yau da kullum, daga girki zuwa kai abinci teburi, ta dogara ƙwarai ga Sinawa 'yan ci-rani, musamman mutanen tsibirin Hainan, waɗanda suka iso bayan wasu ƙabilun Sin sun kama manyan sana'o'i, suka rungumi aikin gidajen Turawa har suka ƙware. Marubuta irin su Rudyard Kipling da Somerset Maugham sun ziyarci wurin, sunansu ya ƙara masa farin jini, amma gumin waɗannan ma'aikata ne ya riƙe shi.

Arzikin otal ɗin ya bi arzikin tashar sau da ƙafa. Da tattalin arzikin duniya ya karye bayan 1929, farashin roba da kuza ya faɗi, baƙi suka ragu, kasuwancin 'yan Sarkies ya durƙushe a 1931, shekarar da Arshak ya rasu, sai wani kamfanin hannun jari ya karɓi ragama a 1933. Da sojojin Japan suka ci birnin a watan Fabrairu 1942 sun sauya wa otal ɗin suna zuwa Syonan Ryokan, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 aka tsugunar da fursunonin yaƙi da aka sako a cikinsa kafin a mai da su gida. Daga baya jirgin sama ya ƙwace fasinja daga jirgin ruwa, dogayen otal na zamani suka taso, cike bakin teku da ƙasa kuma ya nisanta ruwa daga ƙofarsa.

Singafo, wadda ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a 1965, ta rushe tsofaffin unguwanni da dama domin gina gidaje da ofisoshi, amma a 1987 gwamnati ta sanya Raffles cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a rusa. An rufe shi a 1989 domin gyara, aka sake buɗewa a 1991 cikin kamanninsa na 1915, a 2010 ya koma hannun masu zuba jari na Qatar, aka kuma sake sabunta shi a 2019. Baƙon da ya sauka a yau zai tarar da masu tsaron ƙofa mabiya addinin Sikh cikin fararen kaya da rawani, kuma tafiya kaɗan ce tsakaninsa da Masallacin Sultan a unguwar Kampong Glam, inda Larabawa da Malayawa suka yi cinikinsu. Adalcin da ya kamata a yi wa wannan gini shi ne a karanta tarihinsa cikakke, a ambaci Ba'armene da Balarabe da Basine da Ba'indiye tare da Baturen da aka sa wa otal ɗin sunansa, domin haɗuwar waɗannan al'ummu ce ta gina otal ɗin da kuma birnin da yake ciki.