Tarihin Fihirisar Waƙoƙin Ingila na Kundayen Haɗaka

A Ingila ta ƙarni na 16 da na 17, rubutattun waƙoƙi da yawa ba su fito a diwanin mawaƙi guda ba. Masu maɗaba'a kan tsinto su daga takardun da ke yawo hannu da hannu a fada da gidajen manya, su gwama su a littafi ɗaya, wato kundin haɗaka, su kai kasuwa. Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Richard Tottel, da ya buga Songes and Sonettes a Landan a 1557, mai waƙoƙi 271, na Wyatt da Surrey da Grimald da wasu da ba a ambaci sunansu ba. Littafin ya yi kasuwa, sai irinsa suka biyo baya, kamar The Paradise of Dainty Devices a 1576 da England's Helicon a 1600.

Nan ne masu nazari suka gamu da ciwon kai. Taken waƙa sau da yawa mai bugawa ne ya ƙago shi, sunan mawaƙi kuma ba abin dogaro ba ne. A 1599 William Jaggard ya fitar da The Passionate Pilgrim da sunan Shakespeare, alhali cikin waƙoƙi 20 biyar kaɗai aka tabbatar nasa ne. Saboda haka masu fihirisa suka riƙe ɗangon farko a matsayin shaidar waƙa, suka jera su bisa haruffa.

Ita ma wannan dabara tana da rauni. Sananniyar waƙar makiyayi ta Christopher Marlowe ta fito a littafin Jaggard da baiti huɗu, ba sunansa, kuma ba kalmar da ta buɗe ta. Shekara ɗaya bayan nan ta fito a England's Helicon da baiti shida da sunansa. Waƙa ɗaya ce, amma a fihirisa sai ta faɗa ƙarƙashin haruffa biyu, dole mai aikin ya karanta ta har ƙarshe kafin ya gane tagwaye ne.

An fara aikin fihirisa ne da lissafa littattafan kansu. Pollard da Redgrave suka fitar da jerin littattafan Ingilishi na 1475 zuwa 1640 a 1926, sannan Arthur Case ya ware kundayen haɗaka na 1521 zuwa 1750 a 1935. Shiga cikin waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya ya ɗauki lokaci. Margaret Crum ta yi wa rubuce-rubucen hannu na ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford fihirisa a 1969. Fihirisar William Ringler ta waƙoƙin da aka buga daga 1476 zuwa 1558 ta fito a 1988, Steven May kuma ya ƙarasa zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, 1559 zuwa 1603, cikin juzu'i uku a 2004.

Yanzu aikin ya koma intanet. Ɗakin karatu na Folger da ke Amurka ya haɗa fihirisoshi da dama wuri guda, inda ake iya nemo waƙa da kalma ko daga tsakiyar ɗango ne. Kwamfuta ta sauƙaƙa nema ƙwarai, amma ɗimbin waɗannan waƙoƙi har yau ba a san mawallafansu ba.